Mai Ƙafa Uku da Murfin Tukunyar Inna

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, mu da duk abin da hannunmu ya taɓa gyarawa. Baba ya rasu da hantsi a tsakiyar rani, lokacin da albasa ta fara kwanciya, kowa a ƙauyenmu hankalinsa yana kan ruwan kanal. Bai yi doguwar jinya ba. Ya ce kansa yana sarawa, ya kwanta a tabarmar zaure, kafin a samo motar da za ta kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ni ce 'yarsa ta fari, ina aure a wajen Madobi, kuma ko da na iso an riga an yi masa wanka.

Na ga zaman makoki da yawa, amma ban taɓa ganin irin na Baba ba. Mutane sun zo daga Bunkure da Kura da Garun Mallam, wasu da taɓon ban-ruwa har gwiwa, don a gona labarin ya same su. Daga cikin gida muna jiyo gaisuwarsu a ƙofa. Wani dattijo mai noman alkama ya gama "ya haƙuri, Allah ya jiƙansa", sai muka ji ya ƙara da cewa, "Mutumin nan ya zage ni ya fi a ƙirga, kuma wallahi duk a kan gaskiya ne." Maza suka yi dariya, dariyar ta juye kuka. Wata mai tuyar ƙosai a kasuwar Bunkure ta shigo wajen Inna, ta durƙusa, ta kasa cewa komai sai, "Yanzu wa zai riƙa yi mana faɗa?"

Abin da ya ɓata mini rai shi ne akwatuna. Kashegarin jana'iza na leƙo zaure zan karɓi kwanukan abinci, sai na tarar da ƙananan akwatunan katako an jera su a jikin bango, kowanne da wayoyinsa biyu a naɗe, ja da baƙa. Na san su sarai, aikin Baba ne. Mai gaisuwa zai zo da nasa a hammata, ya yi addu'a, ya shafa, ya ajiye a zaure ya tafi. Ni kuwa ba a san ni da haɗiye magana ba. Na tsaya bayan labule na ce, "Jama'a, ku ji tsoron Allah. Ƙasar kabarin mutum ba ta bushe ba har kun fara kawo masa gyara?"

Dattijon nan mai alkama ne ya amsa daga waje, muryarsa a sanyaye. "'Yar nan, yi haƙuri. Wasu nasu ya lalace, ba su san inda za su kai ba. Ni nawa lafiyarsa ƙalau. Na tashi zan taho ne kawai na ga hannuna ya ɗauko shi. Ban taɓa zuwa gidan nan babu shi ba." Na koma ciki, na zauna kusa da Inna na yi kukan da ban samu yi ba tun jiya.

Cikinmu 'ya'yan Baba namiji ɗaya ne, shi ne autanmu, kuma shi kaɗai ya koyi sana'ar. Yana da ɗan shagon gyaran waya a Kano. Ya iso a kan lokaci, da shi aka ɗauki makara, amma ko sau ɗaya bai kalli ƙofar shagon Baba ba, alhali a jikin zaure take. Bayan sadakar uku na ja shi bayan rumbu na tambaye shi yadda za a yi da akwatunan mutane.

"Kowa ya zo ya ɗauki nasa, Yaya. Ana gama sadakar bakwai zan kira mai saye ya kwashe kayan aikin, a rufe shagon, ni ma in koma."

"Ka koma sai yaushe?"

"Me zan dawo in yi? Mutumin nan ya tafi yana fushi da ni. Ke ma kin sani."

Na sani, ko in ce na zaci na sani. Abin da ya tsorata ni ke nan: a rufe Baba a maƙabarta, a rufe shagonsa, ƙanena kuma ya ɗauki wannan nauyi ya tafi da shi Kano ya yi ta dakonsa har ƙarshen ransa. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, don jikokin Baba su san ko wane ne kakansu, su kuma san yadda aka ƙare.

Baba mai gyaran rediyo ne tun kafin a haife ni. Ranar kasuwar Bunkure yana da rumfa kusa da masu ɗinkin buhu, sauran ranaku kuma yana shagon gida, a kan wani bencin maɗaci da yawan zama ya sa ya yi santsi. Ƙarfen liƙinsa a garwashi yake ɗora shi, don ya ce wanda ya tsaya jiran wutar Nepa a ƙauyenmu zai yi furfura bai liƙa waya ɗaya ba. Yana da 'yar gonar shinkafa kamar kowa, amma kowa ya san ba don shi take yin kyau ba, maƙwabta ne ke sakar mata ruwa in ya manta.

Da farantan sola suka shigo, manoman rani suka samu abin da suke so. Mutum zai wuni a bukkar gona yana jiran layin ruwansa ko yana korar tsuntsu daga shinkafa, ga batir ɗin mota rana ta cika shi, sai ya ga ai wauta ce ya ci gaba da sayen ƙananan batura. Ya fere waya da haƙori, ya haɗa rediyonsa kai tsaye da batir. Rediyo ya yi ƙara ɗaya ya yi hayaƙi. Ranar kasuwa a kawo wa Baba gawa a leda. "Ka ɗauki tuwon dawa ka ɗura wa jariri," in ji shi, "yanzu ka zo ni in tashe shi?" Sai ya gama faɗansa tsaf, sannan ya gyara. A ƙarshe dai ya gaji da tayar da matattu, ya fara ƙera akwatin nan da ke shiga tsakanin batir da rediyo, daga baya ya ƙara masa ramin cajin waya.

Duk sirrin akwatin wani ɗan baƙin abu ne da bai fi ƙwallon dabino ba, da ɗan ƙarfe mai huji a bayansa, da ƙafafu uku. Masu sayar da shi a Kano ragileta suke cewa, Baba kuwa bai taɓa kiransa komai ba sai mai ƙafa uku. Duk wanda ya zauna a shagon sai ya sha karatunsa, har mu mata in mun kawo abinci. Ta ƙafa ɗaya wuta ke shiga, ta ɗaya take fita, ta tsakiya kuma ita ce ta baƙar waya. A jikinsa akwai lamba, ƙarshen lambar shi ne alkawarinsa: in biyar ce wuta mai ƙarfin bolt biyar zai bayar, in shida ce shida, in tara ce tara. Batir ya cika da rana ya haura, ya sauka da yamma, shi dai abin da aka rubuta masa shi yake fitarwa. "Sharaɗinsa ɗaya ne," in ji Baba, "ka ba shi fiye da abin da kake nema a wurinsa. Ba ya bayar da abin da ba shi da shi."

In manomi ya kasa ganewa, sai Baba ya kai shi kanal da baki. Babban kanal cike yake, amma ƙofar gonarka iya abin da fangalinka zai sha take saki. "Bambancin dai, ƙofar kanal tana barin sauran ruwan ya wuce ga maƙwabci. Wannan bawan Allah ba shi da maƙwabci. Rarar wutar haɗiye ta yake yi, jikinsa ya ɗau zafi. In zafin ya yi masa yawa sai ya ɗauke wuta ya huta, in ya huce ya dawo bakin aiki. Ya fi wasunku hankali."

Saboda zafin nan ne Inna ta yi shekara da shekaru ba ta da tukunya mai murfi. Mai ƙafa uku yana bukatar ƙarfen da zai jingina da shi ya sha masa zafi, kuma Baba ya gano babu kamar murfin tukunyar alminiyam. Ya yanka shi da almakashin ƙarfe, ya huda, ya ɗaure da noti a bayan abin. Inna ta sayo sabuwar tukunya, kafin kasuwa ta zagayo murfi ya yi ƙafa. Ta ɓoye a ƙarƙashin gado, ya gano. Ta kai ajiya gidan maƙwabta, ya aika aka ce ita ce ta ce a bayar. "Haba Maigida, ka bar mini ko guda ɗaya mana!" Shi kuwa ko kai ba ya ɗagawa. "Miyarki ba ta ƙonewa in babu murfi. Wannan yana ƙonewa." Jikokin Inna har sun zaci haka ake rufe miya a ko'ina, da faifai.

Ba ya sallamar akwati sai ya gwada shi da jikinsa. Zai haɗa batir, ya kunna rediyo, ya bar shi ya ɗan yi aiki, sannan ya ɗora bayan ɗan yatsansa a kan mai ƙafa uku ya fara karanta Ƙulhuwallahu. In ya kai ƙarshen surar yatsa na nan, akwati ya ci jarrabawa. In zafi ya sa ya janye a tsakiya, murfin ya yi kaɗan, sai ka ga yana leƙen madafa. Yana da mitar awon wuta, yana kuma aiki da ita, amma ya ce mita ba ta jin zafi. Bayan yatsan nan har ya yi baƙar kanta.

A wajen makoki na ji wani malamin makaranta yana cewa wai Baba kamar mai ƙafa ukunsa yake, yana haɗiye zafi ya ba mutane sanyi. Magana ce mai daɗi, amma ba gaskiya ba ce, kuma Baba da kansa zai fara ƙaryata ta. Mutumin da in ransa ya ɓaci har masu awon shinkafa a can ƙarshen kasuwa sai sun ji? Abu ɗaya na san yana haɗiyewa, shi ne yabon 'ya'yansa. Ni da nake 'yar fari bai taɓa kama sunana ba, "ke" ce ni har na aurar da 'ya. Wannan alkunya ce, kowa ya san ta, ban taɓa jin haushi ba. Amma ko ƙannena, in ka yi abin kirki iyakarsa ya ce "ba laifi". Auta ya taɓa tayar da wata talabijin da Baba ya riga ya haƙura da ita. Baba ya duba ta gaba, ya duba ta baya, ya ce, "Ba laifi. Share wurin."

Alherinsa ma a ɓoye yake yin sa, kamar mai jin kunyar a kama shi. Amininsa tun yarinta shi ne Malam, mai makarantar allo ta bayan masallaci, wanda shi ma yana noma har idonsa ya tafi. Da makanta ta zaunar da Malam, Baba ya ƙera masa akwati, ya hau soronsa da kansa ya kafa farantin sola, ya kuma ɗiga dalma a jikin abin neman tasha, ɗigo ɗaya wajen tafsiri, biyu wajen labaran duniya, don yatsa ya gane. Duk Juma'a in an sauko sai ya ɗauki sukuddireba ya ce za shi duba rediyon Malam. Rediyon nan lafiyarsa ƙalau. Zai kwance shi ya mayar, su yi ta gardama kan tsadar taki da wanda ya girmi wani har la'asar. Inna ta taɓa ce masa, "Ka ce dai hira za ka." Ya ce, "Ni ina na ga lokacin hira? Aiki ne."

Rigimarsu da Auta a gabana aka yi ta, kashegarin wata babbar Sallah, na kawo musu abinci shago yana cike da manoma. Auta ya zo daga Kano da leda cike da wasu ƙananan korayen faya-fayi, kowanne da ɗan naɗin waya a kai. Ya ce modul ake kiransu. Murna yake yi, a ganinsa tsaraba ya kawo.

"Baba, wayoyin yanzu ba irin na da ba ne, suna jan wuta sosai. Mai ƙafa uku in ya karɓi sha biyu ya ba da biyar, bakwai ɗin nan fa zafi take zama, batir ɗin manomi ne ke tafiya a banza. Wannan ba ya haɗiyewa, juya ta yake yi. Ba ya wani zafi, waya kuma ta cika da wuri."

Gaskiya ya faɗa. Ni kaina na sha jin maigidana yana ƙorafin cewa akwati kan yi zafi kamar dutsen guga kafin waya ta yi rabi. Baba ya miƙa hannu. Ya karɓi guda ya liƙa, ya haɗa da rediyo, ya murɗa zuwa gajeren zango. Sai rediyo ya kama shuuu, kamar an zuba ƙosai a mai, muryar mai labarai ta nutse a ciki. Baba ya juya ga manoma. "Kun ji ilimin birni? Suya yake yi." Shago ya kwashe da dariya.

Na ga fuskar ƙanena ta canza. Da ya haɗiye da shi ke nan, amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya ce, "Baba, shekara da shekaru kana ƙona wa talakawa batir, kana kiran abin haƙuri."

Baba ya ajiye ƙarfen liƙi a hankali, abin da ya fi tsawarsa ban tsoro. "Tashi mini daga benci. Kada ka ƙara zama a kansa."

Auta ya tashi, ya bar ledarsa a nan ƙasa, ya kama motar Kano ko abincin bai taɓa ba. Rani biyu aka yi a haka. Yana zuwa da Sallah, ya durƙusa ya gai da Baba, Baba ya ce "lafiya", shi ke nan, ya shiga wajen Inna ya ɗan zauna ya koma. Na je wa Baba da maganar cewa tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, ya ce in je in duba ko tuwona ya kama. Na kira Auta a waya na ce ya zo ya ba da haƙuri, ya ce ya aika ta bakin kawunmu ba a ce masa ci kanka ba. Na zage su duka biyun, ɗaya a fili, ɗaya a zuci.

Ranar sadakar bakwai, bayan an shafa addu'a an raba gumba jama'a sun fara watsewa, Malam bai tashi ba. Wani maƙwabcinsa direba, mai jigila tsakanin Garun Mallam da Kano, shi ya kawo shi a mota, kuma ashe akwatinsa da rediyonsa suna nan ƙarƙashin babbar riga. Ya ce a kira masa Auta, a kira yarinyar nan mai baki, wato ni, a kuma buɗe shago. Malam uba ne a wurinmu, ba a yi masa musu. Na karɓo makulli wajen Inna na buɗe, warin dalma da toka ya bugo mu, na dafa bango.

Aka zaunar da Malam a kujerar masu jiran gyara. Ya ce, "Ran da aka zo mini da labarin, na miƙe a firgice na ture akwatin nan ya faɗi, bayansa ya buɗe. Iyali suka mayar suka rufe. Tun daga ranar sai ya yi magana kaɗan ya yi shiru, can ya dawo, ya sake yin shiru. Duba mini, ɗana."

"Allah gafarta Malam, Baba ya hana ni zama a bencin nan."

"To wa ya ce ka zauna? Duba a tsaye."

A tsayen ya kwance shi, ina kallo ta bayan kafaɗarsa. Ga mai ƙafa uku nan tsirara, guntun murfin da ke bayansa ya ɓalle ya ɓata wajen faɗuwa, shi ya sa yake ɗaukar zafi yana ɗauke wuta. Wannan ko ni na gane. Amma idon Auta ba a nan yake ba. A ɗaya kusurwar akwai ƙaramin gwangwanin tumatir a kife, an ɗaure shi, wasu siraran wayoyi sun fito ta hujinsa zuwa ramin cajin waya. Ya sa bakin sukuddireba ya ɗaga shi. Ɗan koren faifan nan ne a ciki, irin wanda ya kawo tsaraba. A gefen akwatin kuma ga makunni: ka tura sama rediyo ya sha wuta ta mai ƙafa uku, ka tura ƙasa waya ta sha ta modul. Ba sa aiki tare, balle ɗaya ya shiga wa ɗaya murya.

Auta ya ajiye akwatin Malam. Ya fita zaure ya ɗauko wani akwatin ya buɗe. Gwangwani. Ya ɗauko wani. Gwangwani. Har tsofaffin da aka ƙera tun kafin rigimar, an sake buɗe su an ƙara musu. Ya yi ta buɗewa har ƙasan shago ya cika da katako da notina, sannan ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, "Waɗanda na bari a leda ba su kai haka yawa ba."

Direban nan yana tsaye a bakin ƙofa, ya yi gyaran murya. Auta ya san shi, don yakan tsaya a shagonsa na Kano ya sayi modul, kuma da ya gan shi a makoki ya zaci zumuncin ciniki ne ya kawo shi. Direban ya ce, "Ni direba me zan yi da modul? Baba ne ke aikena. Ya ce kada in saya a ko'ina sai wurinka, kuma in na kuskura na faɗi wanda ya aiko ni, kada in ƙara kawo masa rediyon motata."

Dattijo mai alkama, wanda ya dawo ɗaukar akwatinsa, ya leƙo kai. "Mu ai mun zaci ka sani. Duk wanda ya zo karɓa sai mahaifinka ya nuna masa makunnin ya ce, 'Sama nawa ne, ƙasa na ɗana ne da ke Kano. A kan rediyo na fi shi gaskiya, a kan waya ya fi ni. Yaron nan kansa yana ja.' Mun ji wannan har mun haddace."

Akwatin gidanmu ma yana da makunnin nan. Na sha tura shi sama da ƙasa ban taɓa tambayar dalili ba, maigidana kuwa bai ji komai ba, don a gaban suruki Baba ba zai buɗe baki ya yabi ɗansa ba. Duk ƙasar nan daga Kura har Bunkure an san abin da ke zuciyar Baba, ban da 'yan gidansa.

Malam ya jingina da sandarsa ya ce, "Na ce masa ya kira ka ya faɗa maka. Ya ce, 'Ni in je in durƙusa wa ɗan cikina? Ai mai gyara ne. Ranar da ya buɗe akwati zai gani.' Na ce, in ka mutu bai buɗe ba fa? Ya ce, 'Ai kana nan.' To ga ni. Taurin kai ne, ba zan ce ya kyauta ba, Allah ya yafe masa. Amma fushi kam, ya huce tun motarka ba ta hau titin Zariya ba."

Auta ya lalubo bencin a bayansa. Ya zauna, ya kifa kai a kan tebur, ya yi kukan da bai yi ba a maƙabarta. Babu wanda ya nuna masa inda ya zauna. Ni ma kuka nake, rabi na kewar Baba, rabi na haushinsa, da ya bar yaro rani biyu cikin ƙunci a kan kalma ɗaya da zai iya faɗa tsakanin loma da loma. Ina son mutumin nan, kuma da a lokacin zai shigo da sai na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa ba.

Malam ya bar mu muka yi mai isarmu, sannan ya ce, "In kun gama, rediyona fa."

Auta ya share fuska ya hau binciken gwangwanayen Baba. Mai ƙafa uku kam ga su nan kala-kala, amma murfi babu sai ɓarɓashi, don Baba ba ya ajiyar murfi, yana samu yake yankawa. Na shiga ciki na sami Inna a kan tabarmar takaba na faɗa mata duk abin da ya faru. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba. Sannan ta miƙa hannu bayan adakarta, ta jawo wani abu naɗe a tsohon zane. Sabon murfi ne fil, yana ƙyalli.

"Wannan kaɗai ne bai gano ba," in ji ta. Ta juya shi a hannu, har ta ɗan yi murmushi, na farko tun rasuwar. "Kai wa yaron. Miya ba ta ƙonewa in babu murfi."

Auta ya ɗauko almakashin ƙarfe ya yanka, ya huda, ya ɗaure da noti. Ya haɗa batir, ya tura makunni sama. Malam ya lalubo ɗigon dalma biyu da yatsa, muryar mai labarai ta fito tas, babu suya. Auta ya bar shi ya ɗan yi aiki. Sannan na ga ya juya hannu, ya ɗora bayan ɗan yatsansa a kan mai ƙafa uku, ya fara Ƙulhuwallahu a hankali. Ya kai ƙarshe yatsa na nan.

"Ƙara biyu," in ji Malam, "mu ba mai bencin ladan."

Muka karanta tare, da direba, da dattijo mai alkama a bakin ƙofa. Da muka shafa, Malam ya karɓi akwatinsa ya lalube shi ta ko'ina, ya ce, "Da ubanka yana nan, ka san abin da zai ce."

Auta ya yi dariya hawaye na zuba. "Ba laifi. Share wurin."

Ya kuwa ɗauki tsintsiya.

Mai sayen kaya bai zo ba, don Auta ya kira shi ya ba shi haƙuri. Shagonsa na Kano yana nan, amma duk ranar kasuwar Bunkure yana rumfar nan kusa da masu ɗinkin buhu, ya kwana gida wajen Inna, Juma'a kuma in ta same shi a gari sai ya ɗauki sukuddireba ya ce za shi duba rediyon Malam. Mai ƙosai ta ce har ya fara faɗa, amma da saura kafin ya kamo ubansa. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa taurin kansa kamar yadda muka yafe, ya sanyaya makwancinsa, ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Ku kuma jikokinsa, in kun ga miya a rufe da faifai a gidanmu, ku karanta masa Ƙulhuwallahu.